FILIN KIWON LAFIYA: Abin da sanƙarau ke bari a gida bayan ya wuce

Kowace shekara, daga busowar hunturu a watan Disamba har zuwa faɗuwar ruwan farko wajen watan Yuni, malaman asibiti na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji suna da wani aiki wanda ba ya jiran gobe. Kowane mako sai sun ƙidaya mutanen da aka kawo musu da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, su aika da lissafin zuwa Maraɗi, daga can a miƙa shi Yamai. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta gyara a shekarar 2014 ta ce idan aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, to a zauna cikin shiri. Idan suka kai 10, annoba ce ta sauka. Lissafi ne mai amfani ƙwarai, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Amma abu biyu ya fi kulawa da su: nawa suka kamu, nawa suka rasu. Duk wanda ya fita asibiti da ransa, a wurin takarda ya warke ke nan.

Hausawa kan ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Haka iyaye ke ji ranar da aka sallami ɗansu, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai sau da yawa tulun yakan koma gida da tsaga, ba a lura da ita sai bayan watanni. OMS ta ƙiyasta cewa cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau irin na ƙwayoyin bakteriya, ɗaya yakan tashi da wata naƙasa mai daɗewa: kurunta, farfaɗiya, shanyewar hannu ko ƙafa, raunin gani, ko nauyin fahimta. A shekarar 2010 wasu masana na makarantar nazarin cututtuka ta birnin Landan suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka tarar cewa haɗarin samun babbar naƙasa ya kai wajen kashi 25 cikin ɗari a Afirka, alhali a Turai bai cika kashi 10 ba. Kurunta ce ta zo kan gaba.

Ya kamata mai karatu ya san yadda cutar ke isa ƙwaƙwalwa, domin a nan ne bayanin naƙasar yake. Ƙwayar sanƙarau tana zama a maƙogwaron mutane da dama ba tare da ta yi musu komai ba, suna yawo da ita, suna ba juna ta hanyar tari da atishawa. A lokacin zafi da ƙura, fatar cikin hanci da maƙogwaro takan bushe ta yi rauni, sai ƙwayar ta samu ƙofa ta shiga jini. Masana na cibiyar CERMES ta Yamai tare da na jami'ar Libaful ta Ingila sun gwada lissafin masu cutar da na yanayi, suka ga yawanta na bin ƙura da tsananin zafi. Suka kuma shaƙa wa ɓeraye ƙura a ɗakin bincike, ƙwayar cuta ta fi saurin ratsa jikinsu. Daga jini sai ta kai ga tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Jiki ya tashi yaƙi da ita, wurin ya kumbura, ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki ya gurɓace ya zama kamar ruwan tsari. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Ƙananan jijiyoyin jini sukan toshe, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa abincinsa, ya mutu ya bar tabo. Duk wannan na iya faruwa cikin kwana ɗaya.

Ta fannin hana mutuwa da hana kamuwa, an yi nisa ƙwarai, kuma Nijar na da hannu a cikin nasarar. Dattawan jahar Maraɗi ba su manta da 1995 ba, shekarar da aka ƙidaya sama da mutum 40,000 da suka kamu a faɗin ƙasa, aka kuma gano cewa wani kaso na allurar rigakafin da aka kawo gudunmawa jabu ne. Shekarar da ta biyo, annobar ta mamaye arewacin Nijeriya, ta kama sama da mutum 100,000. A 2003 aka yi wani gwaji a asibitocin Nijar wanda ya tabbatar da cewa allurar ceftriaxone guda ɗaya tana aiki daidai da tsohuwar allurar nan mai kauri kamar mai da aka saba yi lokacin annoba. Daga 2010 aka fara yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac, wadda aka sarrafa a Indiya a kan kuɗi ƙalilan, sai nau'in A, wanda shi ne ya fi kisa a da, ya kusa ɓacewa. Nau'in C ya maye gurbinsa, ya kama mutum wajen 8,500 a 2015, ya kashe fiye da 500. A 2017, a gundumar Madarunfa, maƙwabciyar Agye da Gidan Runji, cibiyar bincike ta Epicentre tare da ma'aikatar lafiya suka gwada raba ƙwayar ciprofloxacine guda ɗaya ga dukan mutanen ƙauye da zarar an samu mai cutar a cikinsa. A ƙauyukan da aka yi haka, yawan masu kamuwa ya ragu da fiye da rabi. Sannan a 2024 Nijeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar a lokaci guda.

Duk waɗannan labarai ne na farin ciki. Ba ɗayansu da ya shafi yaron da ya riga ya kwanta ya tashi.

A ɗauki kurunta. Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kamar gashi waɗanda ke juya sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai wata ƴar siririyar hanya da ta haɗa ruwan katantanwar da ruwan ƙwaƙwalwa, ta nan cutar ke bi. Gashin nan in ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin da ya fi muni, bayan kumburin ya lafa, katantanwar takan fara cikewa da ƙashi cikin makonni kaɗan, ta toshe. Saboda haka ne likitocin kunne ke gaggawar auna jin wanda ya tashi daga sanƙarau, don a ƙasashen da ake dasa na'urar ji a cikin kunne, in aka makara babu wurin sa ta. Wannan aiki na miliyoyin sefa ne, ba zancen manomin Gangara ko na Cadakori ba ne a yau. Amma sanin cewa yaro ya kurumce yana da nasa amfani ko da babu na'ura. Yaro ɗan shekara biyu da ya daina ji, kalmomin da ya fara koya sukan zube ɗaya bayan ɗaya, a wayi gari ana kiransa bebe. Ɗan shekara takwas kuwa ya koma makaranta, malam na magana yana kallon bakinsa, a ce ya zama daƙiƙi ko mai taurin kai, wani lokaci har da bulala. Da an gaya wa malam gaskiyar abin, da ya zaunar da shi a layin gaba, ya riƙa fuskantarsa in zai yi magana. Ga kuma maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suka daɗe suna yi a tsakaninsu, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000 bayan zaman da ta yi a Kano. Yaron da aka haɗa shi da masu wannan harshe tun da wuri ba ya rasa abokan hira.

Ta farfaɗiya ta fi wuyar sha'ani, domin takan yi jinkirin bayyana. Tabon da cutar ta bari a ƙwaƙwalwa yana iya yin shiru wata shida ko shekara biyu, sannan wata rana ya tayar da wata irin wutar lantarki da ta wuce kima a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yaro ya faɗi yana karkarwa. A lokacin kowa ya manta da kwanciyar asibiti. Sai a ce iska ce ta taɓa shi a gindin tsamiya, ko kuwa sammu ne. A kai shi wurin mai magani, a yi turare, a yi rubutu, a sayar da akuya, wani lokaci har da gona. Ba abin zargi ba ne uba ya nemi wa ɗansa sauƙi ta hanyar da ya sani. Abin zargi shi ne a sallami yaro daga asibiti ba a gaya wa uban cewa irin wannan na iya biyo baya ba, kuma in ya faru akwai maganinsa a inda aka yi jinyar farko.

Sanƙarau ba shi kaɗai ke wannan ɓarna ba. Da damina ta kankama, ɗakunan yara na asibitocin Gidan Runji da Agye sukan cika da masu zazzaɓin cizon sauro, wasunsu a some. A ƙasar Malawi, inda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara da na'urar zamani, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe mafi yawan waɗanda suka rasu, yayin da ya danne wurin da ke riƙe da numfashi. A can ɗin kuma aka bi sawun waɗanda suka farfaɗo, aka tarar wajen ɗaya cikin goma ya samu farfaɗiya daga baya. Ashe rani na kawo nasa rabo, damina na kawo nata.

Abin takaici a nan, farfaɗiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani. A lissafin OMS, mutum bakwai cikin goma na iya rabuwa da faɗuwa ɗungum in sun samu maganin da ya dace, kuma kuɗinsa na shekara guda na iya kasa kuɗin tunkiya nesa ba kusa ba. Duk da haka, a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu na masu cutar ba su samunsa. Tsohon maganin nan phénobarbital, wanda aka fara amfani da shi tun 1912, har yanzu yana aiki. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsanani: a sha kullum, kada a yanke shi farat ɗaya, domin yankewar na iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ke kisa. Don haka kantin maganin asibiti da ya bari ya ƙare masa wata guda ya yi wa mai cutar illa babba. Kuma a sani, farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko kumfar baki. Wannan camfi shi ke sa mutane su watse su bar yarinya ta faɗa murhu ko ta faɗi a bakin rijiya. In mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe guda, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. In karkarwar ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, mafi yawansu kuma a Yamai suke. In aka ce sai sun ga kowane yaro, to ba ranar gamawa. Maƙwabta sun gwada wata hanya. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun tsara tambayoyi cikin harshen Hausa na gano farfaɗiyar yara, suka horar da ƙananan ma'aikatan lafiya a Kano, Zariya da Kaduna don su gane cutar su kuma ba da magani a asibitocin unguwa. Hausar da ake tambayar uwa da ita a Kano, uwa a Gazawa ma za ta gane ta.

A watan Afrilu na 2025 OMS ta fitar da jagora na farko a kan gano sanƙarau da jinyarsa da kula da waɗanda suka tsira, a ƙarƙashin shirinta na shawo kan cutar kafin 2030. Jagoran ya nemi a duba mai jinya kafin a sallame shi, a auna jinsa, a kuma sake ganinsa cikin mako huɗu. Na'urar auna jin ba ta fi wayar hannu girma sosai ba, ana sa bakinta a kunnen yaro, cikin mintoci ta ba da amsa, ko da jariri ne yana barci. Guda ɗaya a kowane asibitin gunduma ba ta fi ƙarfin hukuma da ƙungiyoyin da ke tallafa mata ba. Kafin ta iso, akwai abin da ba ya cin ko dala: malamin asibiti ya rubuta sunan yaron da ƙauyensu a wani littafi na dabam, ya sanya wa uwa ranar dawowa, ya gaya mata a fili alamomin da za ta sa wa ido. Tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a Nijar, amma kuɗin mota daga ƙauye zuwa Agye ko Maraɗi ba ya cikin kyautar, kuma mako huɗu bayan annobar Afrilu ya yi daidai da lokacin sharar gona da jiran shuka. Uwar da ta ga ɗanta na ci yana wasa da wuya ta bar aiki ta dawo. Ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka, waɗanda tun 2013 ake aikawa gida gida da maganin rigakafin zazzaɓi na damina a wannan jaha, sukan fara zagayensu a watan Yuli, kuma sun san ƙofar kowa. Da za a ba kowannensu sunayen yaran ƙauyensa da suka kwanta da sanƙarau a ranin da ya gabata, da sai ya tsaya a bayan yaro ya kira sunansa a hankali, ya ga ko zai waiwayo, sannan ya tambayi uwar ko ya taɓa faɗuwa tun dawowarsa.