Mu San Kalmomin Na'ura: Memwar, Rezo da Mega

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu rarrabe kalmomi uku da ke cinye kuɗin jama'a saboda rashin sani.

Memwar ita ce rumbun salula, ko na kwamfuta wadda wasu ke ce ma ordinatar. Hoton takardar gonarka, muryar da ka ɗauka, lissafin kuɗin ƙungiya, kowane ɗaya sunansa fishiye, kuma cikin rumbun nan suke kwance. Buɗe su ba ya bukatar rezo, ba ya cin ko dala. Amma fa in salula ta faɗa rijiya, sun tafi tare. Don haka sakataren ƙungiya ya riƙa kwafe su cikin katin memwar ko kile, ya ɓoye a gida.

Rezo kuwa hanya ce: daga salularka zuwa dogon ƙarfen bakin gari, daga nan zuwa manyan na'urori na nesa da ake kira sarba. Saƙon WhatsApp da ka aika ma maƙwabcinka sai ya bi ta can kafin ya iso masa.

Mega ita ce tiyar auna kayan da suka bi hanyar. Kusan mega 1000 ke yin jiga 1. Rubutu ba ya cin mega sosai, bidiyo ne kura. In kuna zaune bisa tabarma ɗaya, ku tura ma juna ta Bluetooth. Yana kai kamar mita 10, kuma ba ya taɓa mega.