Aiki ya koma cikin salula, dokar ƙwadago ta tsaya a bakin ƙofa

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da wuya a sami kamfani, makarantar kuɗi, asibiti ko ƙungiyar agaji da ba ta da zaurenta na WhatsApp. A can ake kiran taro, a can ake tura takardar umarni, a can ake neman rahoto, wani lokaci ma a can ake yi wa ma'aikaci faɗa a gaban abokan aikinsa. Babu dokar da ta kafa wannan sabon ofis, babu ministan da ya yanke ƙyallen buɗe shi, amma cikin shekaru kaɗan ya zama inda ake gudanar da babban kaso na ayyukan ƙasar nan. Sauƙin da ya kawo kowa na ganinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan sauƙi, wato ma'aikaci, musamman matashin da ya sami aiki da ƙyar kuma yake tsoron ya kuɓuce masa.

Gaskiya ce, alherin salula ba ƙarami ba ne. Ɗan kasuwar da ke loda albasar Galmi yana jin farashin Abijan ko Akara kafin motarsa ta tashi, yana kuma bin sawun direbansa daga wannan shinge zuwa wancan. Tela a Damagaram yana tura hoton ɗinki, mai kaya ya ce a gyara wuya ko hannu ba tare da ya taka ƙafa zuwa shago ba. Matan aure da yawa sun buɗe shaguna daga cikin ɗakunansu, suna tallar turare, atamfa da kayan kwalliya a Facebook da TikTok, ɗan kabu-kabu ya kai kaya, kuɗi su shigo ta Nita, Amana ko Al Izza. Ɗan cin-rani da ke Libiya, Aljeriya ko Kwaddibuwa yana duba ginin gidansa ta bidiyo, yana ƙirga buhunan siminti da magini daga nesa.

Saƙon murya shi ne ya buɗe wannan ƙofa ga kowa. A ƙasar da manya da yawa ba su yi karatun boko ba, kuma harshen takardun hukuma ba shi ne harshen kasuwa ba, damar danna waya a yi magana da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci ko Buzanci ta kawar da shingen da ya daɗe yana raba masu biro da sauran jama'a. Wanda a da sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, yau da bakinsa yake ƙulla ciniki.

Ofisoshi kuwa annobar korona ce ta tura su. Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar, aka killace birnin Yamai, aka kuma taƙaita taruka, manyan ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji suka koyi zama ta Zoom. Annoba ta wuce, ɗabi'ar ta zauna. Yau masu tattara bayanai a karkara da waya suke cika takardun tambayoyi, shugabansu a Yamai ya ga sakamako a ranar. Akwai kuma matasan da ke fassara, zanen tambari ko haɗa manhaja ga kamfanonin da ba su taɓa ganin ƙofarsu ba. Zuwan Starlink a 2025 ya ƙara faɗaɗa wannan fili har zuwa garuruwan da rezo ke wahala.

Sai dai kiɗa ya sauya, rawar hukuma ba ta sauya ba. Kundin dokokin ƙwadago da ke aiki a kamfanoni masu zaman kansu na shekarar 2012 ne. Ya ƙayyade awa 40 na aiki a mako a wuraren da ba na noma ba, ya ce a biya ƙarin kuɗi kan awoyin da suka haura, ya kuma tanadi hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako. An gina waɗannan ƙa'idoji ne bisa hoton ma'aikacin da ke shiga ƙofa da safe ya fita da yamma. To, wa ke ƙirga awoyin wanda aka tura wa saƙo bayan sallar isha'i cewa ana son rahoto kafin gari ya waye? Wa ke biyan malamar da iyayen yara ke kira har ranar Lahadi, ko akawun da shugabansa ya ga alamar cewa ya karanta saƙo, sannan ya tuhume shi da rashin ladabi don bai amsa ba? Waɗannan awoyi aiki ne, amma ba sa shiga kowane littafi. Ana cire su ne daga lokacin barci, lokacin iyali, lokacin ibada da zaman fada.

Ba lokaci kaɗai ma'aikaci ke bayarwa kyauta ba, har da kayan aiki. A da, wayar tebur, takarda da tawada duk na ma'aikata ne. Yanzu salula ta ma'aikaci ce, kuɗin mega daga aljihunsa suke fita, caji ma shi ke nema idan an ɗauke wuta. Ga wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi, wato jika 42 na kuɗin CFA a wata, sayen mega don halartar taron bidiyo na awa biyu ba wasa ba ne. Idan wayar ta faɗi ta fashe ko ɓarawo ya fizge ta a kasuwa, shi ne zai ci bashi ya sayi wata, domin rashin waya yanzu daidai yake da rashin zuwa aiki. Ma'aikata ta rage kashe kuɗi, ma'aikaci ya ɗauki nauyin ba tare da an yi shawara da shi ba.

Matsala mafi girma ita ce ta shaida. Matasa da yawa ana ɗaukar su aiki da saƙon murya guda: ka zo gobe ka fara, za mu daidaita. Babu kwantiragi, babu takardar albashi, babu rajista a asusun CNSS. Ranar da aka gaji da mutum, ba a ma buƙatar kiran sa ofis, sai kawai ya wayi gari ya ga an cire shi daga zaure. Idan ya je gaban sufeton ƙwadago, hujjarsa tana cikin saƙonnin da wataƙila an riga an goge. Wanda ke yi wa kamfanin waje aiki ta intanet ya fi shiga tsaka mai wuya, domin idan aka hana shi haƙƙinsa bai san kotun da zai nufa ba. A wannan duhu ne kuma ƴan damfara ke farauta, suna yaɗa tallar ayyukan ƙarya da sunan manyan ƙungiyoyi, suna neman a turo kuɗin rajista. Duk aikin da aka ce sai an biya kafin a samu, tarko ne.

Mata ma'aikata suna da nasu kason na daban. Lambar da aka bayar don aiki ita ce wani shugaba ko abokin ciniki ke amfani da ita wajen turo saƙon da bai shafi aiki ba da tsakar dare. Wadda ta yi shiru tana tsoron fushin maigida a ofis, wadda ta amsa tana fuskantar zargi a gidan aurenta. Dokar ƙwadago ta haramta matsa wa mace lamba don neman lalata a wurin aiki, kuma bai kamata a ce haramcin ya ƙare a bakin ƙofar ofis ba alhali ofishin ya bi ta har ɗaki.

Akwai kuma batun sirri. Hotunan katin ɗan ƙasa, sakamakon gwajin marasa lafiya, jerin sunayen masu karɓar tallafi da takardun albashi suna yawo a wayoyin mutane, a zaurukan da ke iya ɗaukar mutum fiye da 1,000. Kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya kai sirrin wani inda bai dace ba. Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, tana kuma da hukumar HAPDP da aka ɗora wa alhakin sa ido, amma ma'aikatu nawa ne suka taɓa zaunar da ma'aikatansu suka faɗa musu abin da ya halatta a tura da wanda bai halatta ba? Haka ma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka tsaurara a watan Yuni na 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi. Magana zarar bunu ce, kuma saƙon da aka tura cikin raha a zauren abokan aiki yana iya ƙarewa a gaban alƙali.

Duk wannan gini kuma a kan tubalin da ba shi da ƙwari yake tsaye. A watan Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula kimanin kwana 10, kuma masu sana'a ta waya sun ji a jikinsu. A watan Agusta na 2023 Najeriya, wadda a lokacin take samar da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita, ta rufe layukanta, manyan birane suka shiga rabon wuta na tsawon watanni. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasar da ba ta da teku ma ta sha wahalar. A kowane karo, mai albashin wata ya jira ƙarshen wata, amma mai ci daga cinikin yini ya kwana da asara.

Wasu ƙasashe sun riga sun fara gyara. A Faransa, tun ranar 1 ga Janairun 2017, doka ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da wakilan ma'aikata kan ƴancin kashe waya bayan tashi daga aiki. Fotugal ta ƙara gaba a 2021, ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikata a lokacin hutunsu sai da larura mai ƙarfi. Za a ce Nijar ba Faransa ba ce, a nan samun aikin shi ne matsala, kuma mafi yawan masu neman abinci ba sa ƙarƙashin kowane kwantiragi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma dalilin da ya sa ake buƙatar ƙa'ida. Inda masu neman aiki suka yi layi a bakin ƙofa, wanda ke ciki ba ya iya cewa a'a shi kaɗai, sai doka ta faɗa a madadinsa. Likitan da ke gadi, ɗan jarida da ma'aikacin wuta ko ruwa dole a iya samun su da dare, amma wannan gadi ne, kuma gadi ana tsara shi, ana juya shi, ana biyan sa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙasa ba. Ma'aikatar ministan ƙwadago za ta iya zama da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN, CDTN da CNT, a fitar da ƙa'idoji bayyanannu: aikin da aka nema ta waya bayan lokaci a lissafa shi cikin awoyin ƙari, wanda ya wajabta amfani da intanet ya biya kuɗin mega, sallama kuma ta bi hanyar da doka ta shimfiɗa, cire mutum daga zaure kada ya tsaya a matsayinta. A horar da sufetocin ƙwadago kan yadda za su karɓi saƙon waya a matsayin shaida. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su waiwayi matasan da ke aiki ta salula, domin idan suka tsaya ga ma'aikatan gwamnati kaɗai, za su wayi gari ba su san ma'aikacin gobe ba. Hukumar ARCEP kuma ta matsa wa Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom kan ingancin rezo da farashin mega, tunda intanet yanzu kayan sana'a ne kamar keken ɗinki.

Kafin hukuma ta motsa, matasa suna da abin da za su iya yi wa kansu. Wanda aka ɗauka aiki da baki ya nemi a rubuta masa albashi, awoyi da ranar biya, ko da a saƙo ne, ya kuma adana shi a wani wuri daban. Mai hali ya raba layin aiki da na gida. Ɗan cin-ranin da ke sa ƙaninsa ko maginin unguwa aiki daga nesa shi ma ya tuna cewa ya zama uban gida, haƙƙin da yake nema a ƙasar mutane shi ne ake bin sa a gida.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yawancinsu ta salula za su sami aikinsu na farko, a cikinta kuma za a fara cin haƙƙinsu idan ba a yi tanadi ba. Ƙa'idar da aka shimfiɗa yau, ko aka ƙi shimfiɗawa, ita za su gada.