Kafin a Tayar da Gidan Zu na Kano, a Yi Lissafi

Duk yaron da ya tashi a birnin Kano ya san Gidan Zu. In ma bai taɓa shiga ba, to, ya san titin da ake kira da sunansa, ya kuma ga irin cincirindon da ake yi a bakin ƙofarsa ran Sallah da kashegari. Marigayi Audu Baƙo ne ya kafa shi a farkon shekarun 1970, sa'ad da yake Gwamnan Jihar Kano, shi ya sa ma gidan ke ɗauke da sunansa. A wancan zamani wurin bayan gari ne. Yau kuwa gari ya zo ya kewaye shi ta ko'ina. Ga kantuna, ga ofisoshin 'yan fim, ga katafaren kantin nan na Ado Bayero da aka buɗe a 2014, ga motoci da 'yan a-daidaita-sahu suna ta ƙara tun daga asuba har tsakar dare.

A shekarar 2020 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta ba da sanarwa cewa za ta tayar da gidan ta mai da shi Tiga, don hayaniyar birni ta dami dabbobin. Aka yi ta ka-ce-na-ce, waɗansu na cewa daidai ne, waɗansu na cewa ai filin ake so. Ƙaurar dai ba ta yiwu ba, gidan yana nan inda yake. Amma fa maganar ba ta mutu ba, barci take yi, domin filin yana ƙara daraja kowace shekara, gari kuma yana ƙara matsowa. Wata rana wani zai sake tayar da ita. Don haka na ga ya kamata mu ɗalibai da iyayenmu mu san abin da za mu ce tun kafin ranar ta zo.

Ni ban ce dalilin ƙaurar ba shi da tushe ba. A watan Oktoba na 2019 wani zaki ya kuɓuce wa masu kula da shi a cikin gidan, mutanen unguwannin da ke kewaye suka kwana cikin zullumi, sai daga baya aka same shi a wurin awaki ya yi musu ɓarna, aka mai da shi kejinsa. Allah Ya kiyaye bai ƙetare katanga ba. Tiga kuwa wuri ne mai kyau ga namun daji. Akwai fili, akwai ruwan madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974, ga kuma dajin Falgore a kudu da tafkin. In zaki zai iya magana, na tabbata Tiga zai zaɓa.

To, amma zaki ba kayan ɗaki ba ne da za a loda a mota a sauke a sabon gida a kulle ƙofa a tafi. Mu nan in an ce za a tayar da wani wuri, abin da ke fara zo mana a rai shi ne gini: a ba ɗan kwangila aiki, a ja katanga, a yi ƙofa mai ƙawa, a gayyato manya a yi bikin buɗewa. Kuɗin gini sau ɗaya ake biya. Kuɗin ciki kuwa kullum ne, ba hutun Sallah, ba hutun ƙarshen mako. Babban zaki guda yakan ci nama kilo 5 zuwa 7 a rana, wato kusan kilo 2,000 ke nan ko fiye a shekara. Wanda ke son ya san abin da wannan ke nufi, sai ya tambayi mahaucin unguwarsu nawa ne kilon nama yau, ya yi ninkin da kansa, ai mun yi lissafi a aji. Wannan fa baki ɗaya ne. Ba a zo kan kura ba, da kada, da jimina, da birai, kowanne da irin cimarsa. Sa'an nan ga albashin ma'aikata, ga likitan dabbobi da magungunansa, ga man injin da zai turo ruwa. Dabbar da ke daji in ta ji yunwa sai ta fita nema. Wadda aka kulle kuwa ba ta da wani gata sai wanda ya kulle ta, kuma duk mun ji a darasin addini abin da ya sami matar nan da ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

Ina kuɗin nan ke fitowa? Wani kashi daga gwamnati, wani kashi kuwa daga bakin ƙofa. A nan ne wani labari da ya ba duniya dariya zai yi mana amfani. A watan Yuni na 2019 aka ce kuɗi naira miliyan 6.8 sun yi ɓatan dabo a Gidan Zu, har aka baza jita-jita wai gwaggon biri ne ya haɗiye su, sai da Gwamna da kansa ya fito ya ce ai babu ma gwaggon biri a gidan. Mu bar dariyar, mu dubi adadin. Kuɗin shiga ne da aka tara a 'yan kwanakin Sallah, daga aljihun yara da na iyayensu talakawa. Me ya sa suke zuwa da yawa haka? Don wurin yana kusa. Yaro daga Gandun Albasa ko Hausawa da ƙafa ma sai ya je. Tiga kuwa kusan kilomita 70 ce daga birni. Magidanci mai 'ya'ya shida, wanda ya riga ya yi ɗinkin Sallah ya yi cefane, ina zai sami kuɗin motar zuwa da dawowa? Ba zai je ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ashe ke nan ranar da aka koma Tiga, kuɗin ƙofa zai ragu a daidai lokacin da ɗawainiya ta ƙaru. Mun ma ga misali a kan hanyar nan ɗin. Otal ɗin Bagauda, wanda aka gina don baƙi da masu shaƙatawa, bai ɗore a matsayin otal ba, daga baya makarantar horon lauyoyi aka mai da shi.

Akwai masu cewa abin da sauƙi, a sayar da tsohon filin a gina sabon da kuɗin. A baki kam da daɗi. Sai dai an gwada wannan dabara a wata ƙasa, kuma ya kamata mu ji yadda ta kaya. A birnin Bristol na ƙasar Ingila akwai gidan zu da aka buɗe tun 1836 a unguwar Clifton. Masu shi suka yanke shawarar rufe shi su koma wani babban fili da suke da shi a bayan gari, su sayar da tsohon wurin a gina gidaje. Aka rufe ƙofa a watan Satumba na 2022. Mutanen gari masu adawa suka kai ƙara, cinikin filin ya yi ta jan ƙafa, kuma har cikin 2025 gwaggon biran gidan suna zaune a tsohon wurin, ana ciyar da su kullum ba mai biyan ko kwabo ya gan su, domin sabon mazauninsu bai kammala ba. Waɗannan fa mutane ne da suka riga suka buɗe sabon filin nasu tun 2013. Ina ga wanda zai rufe tsoho alhali ko tubali ɗaya bai aza a sabo ba? Hausawa dai sun ce kada a saki reshe a kama ganye. Ban da wannan ma, filin Gidan Zu yana cikin 'yan wuraren da suka rage a birni masu manyan itatuwa da inuwa. In aka yanka shi fuloti-fuloti, ba kuɗin da zai dawo da shi.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce wadda mutanen Landan suka bi. Su ma gidan zunsu, wanda aka buɗe a 1828, ya yi wa manyan dabbobi kaɗan. Ba su rufe shi ba. Sai suka sayi wata gona a ƙauyen Whipsnade a 1926, suka yi shekara 5 suna gyara ta, sa'an nan suka buɗe a 1931, fili mai girman eka 600. Giwayen da ke cikin birni kuwa sai a 2001 aka kwashe su zuwa can. Har gobe gidajen biyu suna aiki, na birni yana karɓar 'yan makaranta da masu ziyarar yini guda, na ƙauye yana riƙe da dabbobin da ke bukatar sarari.

Abin da nake ganin ya dace da Kano ke nan. A gina Tiga sannu a hankali don zakuna da kuraye da sauran manya masu haɗari, a bar tsuntsaye da kunkuru da barewa da ƙananan birai a birni, inda ɗan talaka zai iya zuwa ya gan su. Kuɗin ginin ya fito daga kasafin kuɗin jiha, a rubuce, kowa ya gani, a kuma ware kuɗin abinci da magani na shekaru masu zuwa tun kafin a taɓa dabba ko guda. Ruwa, da gidajen ma'aikata, da ɗakin likita su riga kejin zaki tashi, don ma'aikacin da iyalinsa ke Kano shi yana Tiga ba makwanci, ba zai daɗe ba zai gudu.

Ita kanta kwasar ma aiki ce ta masana. Allurar barcin da ake harba wa namun daji tana iya kashe su in an kuskure awo, shi ya sa a wuraren da suka ƙware akan ajiye akwatin tafiya kusa da dabba makonni kafin ranar, ana sa mata abinci a ciki har ta saba shiga da kanta. Kuma kowa ya san zafin Kano a watan Maris da Afrilu, sa'ad da awon zafi kan haura 40. Dabbar da aka kulle a akwati a bayan mota a irin wannan lokaci, da wuya ta isa Tiga da rai. Sai a jira sanyin hunturu, a tashi da asuba, a ɗauki ɗaya ko biyu a ga yadda suka karɓi wurin kafin a ƙara.

Mu kuma 'yan makaranta da namu aikin. Ƙungiyar manoma matasa da ta kimiyya za su iya rubuta wa hukumar gidan su nemi a bar su su zo su ga yadda ake awon abincin dabbobin, da nawa ake kashewa a mako. Iyayenmu kuwa, duk ranar da wani ya sake tayar da zancen Tiga, su tambaye shi wa zai biya naman zakin a shekara ta biyu, da kuma abin da za a yi da tsohon filin.