Matasanmu masu aikin lambu, ku koyi rainon furen okid



Duk wanda ya san Legas ya san yawan 'yan uwanmu da ke gadi da kula da fulawa a gidajen Ikoyi, Lekki da Ikeja, da masu sayar da shuke-shuke a bakin titi. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za su ƙara wa sana'arsu ilimi, kuma furen okid wuri ne mai kyau na farawa. Masu gida na sayen sa da tsada, ya mutu cikin 'yan makonni, sannan laifin ya faɗa kan mai lambu. Wani ma har aikinsa ya tafi.

Matsalar ita ce ana yi masa rainon da ake yi wa tumatir. Irin da aka fi sayarwa, wanda masana ke kira Phalaenopsis, asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, kamar Filifin da Indonesiya. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba, a jikin itatuwa yake maƙalewa, saiwarsa na shan iska. Idan ka cusa shi cikin ƙasa da takin dabbobi, saiwar za ta ruɓe. Abin da yake so shi ne tukunya mai huji da yawa, a cika ta da gutsattsarin ɓawon itace, gawayi da ɓawon kwakwa. Duk waɗannan suna nan a Kudu da araha.

Ruwa kuma sau ɗaya a mako yakan isa, da safe, a bar shi ya tsiyaye. Saiwar ce za ta gaya maka: idan koriya ce, ya ƙoshi, idan ta koma fari-fari kamar azurfa, yana jin ƙishi. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen, nan ruɓewa ke farawa. A ajiye shi kusa da tagar da ke samun ranar safe, domin ranar tsaka tana ƙona ganye. Kada a sa shi daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki. Taki na ruwa kaɗan ne, a tsinka shi sosai.

Furen yakan yi wata 2 zuwa 3 kafin ya zube. Nan ne mutane da yawa ke jefar da tukunyar, suna zaton ya mutu, alhali hutawa yake yi. Idan sandar furen ta bushe, a yanke ta daga tushe, a ci gaba da kula. Sanyin dare na lokacin hunturu yana taimaka masa ya sake fitar da fure. Wanda ya iya farfaɗo da shukar da aka yar, ya samu jari kyauta.

Na san wasu za su ce fure ba abinci ba ne, kayan masu kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma kuɗin nan wani ne zai karɓe shi, me zai hana ya zama namu? Tailan ta daɗe tana samun kuɗin shiga daga fitar da furen okid zuwa ƙasashen waje. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Jan kunne ɗaya: akwai okid na daji a ƙasar nan, musamman dazuzzukan Kuros Riba. Kada kowa ya shiga gandun gwamnati ya ciro su. Yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin okid tsakanin ƙasashe, kuma na daji sau da yawa ba ya rayuwa a ɗaki. A sayi wanda aka raina a lambu.

Shawarata ga shugabanni ita ce, a taro na gaba a ba ɗaya daga cikin tsofaffin masu lambunmu minti 30 ya nuna wa matasa a aikace, da tukunya a hannu. Ba zai ci ƙungiya komai ba sai gawayi da ɓawon kwakwa.

Allah Ya sa albarka a neman kowa.

Sakataren ƙungiya