Amalanken kayak: dabarar za ka ɗauka, jerin kayan na masu shi ne

Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne da mutanen Inuit, mazauna yankin ƙanƙara na arewacin duniya, suka ƙirƙira don farauta. A yau galibi da roba ake yin sa, kuma a Amurka da Kanada da Turai ana shiga ne don shaƙatawa ko kamun kifi. A ruwa ba ya wahalar da kowa, amma a tudu kaya ne: na kamun kifi yakan haura kilo 30, ga tazara tsakanin wurin ajiye mota da bakin ruwa. Shi ya sa YouTube da shafin Instructables suka cika da masu nuna yadda suka haɗa wa kayak ɗinsu amalanke a gida.

Ra'ayina shi ne, irin waɗannan bidiyoyi sun cancanci datarka ko da ba ka taɓa ganin kayak ido da ido ba. Sharaɗin kawai shi ne ka san abin da za ka ɗauka a ciki.

Kayan haɗin ba su da yawa: bututun PVC na aikin famfo da mahaɗansa, sandar ƙarfe mai zare da za ta ratsa tayoyi biyu, notuna, soso don kada a karce jikin jirgin, sai maɗauri. Zarto da gam da tef ɗin awo sun isa aikin. Darasin yana cikin dalilan da suka sa aka yi kowane abu.

Me ya sa ake sa amalanken kusa da tsakiyar jirgin? Domin nauyin ya hau kan tayoyi, hannu ya tsaya ga ja kawai. Idan aka kai shi can ƙarshen baya, kusan rabin nauyin zai dawo hannun mai ja. Me ya sa masu zuwa bakin teku ke neman taya mai faɗi? Siririya nutsewa take yi a yashi. Me ya sa wasu ke barin wasu mahaɗan babu gam? Don a iya kwance amalanken a cusa shi cikin jirgin idan an isa ruwa.

Akwai masu cewa araha ba ta ado, gara a sayi na kamfani irin C-Tug. Suna da hujja. Bututun PVC yana yin gautsi idan ya daɗe a rana, kuma ƙirar nan da ake zira sanduna biyu cikin ramukan fitar da ruwa na jirgin tana iya tsaga shi idan hanya ta yi gargada. Wanda ya kwafi awon wani ba tare da ya auna nasa jirgin ba, zai iya lalata abu mai tsada saboda gudun ƙaramin kuɗi. Sai dai wannan laifin kwafa ne ido rufe. Mai lura yakan kalli bidiyo uku ko huɗu, ya ga inda suka saɓa, ya nemi wanda ya dawo bayan shekara ya nuna abin da ya karye.

Mu ma ai ba baƙin wannan tunani ba ne. Kurar 'yan garuwa da baron dako duk lissafi ɗaya ne: ina nauyi yake, ina taya take. A zafin ranarmu ma, ƙarfen mai walda zai fi bututun roba ƙarko. Matashin da ya fahimci dalilin ƙirar zai iya zana wa janareto ko batirin sola abin ja, ya kai wa mai walda hoton da awon a wayarsa, su yi magana a matsayin waɗanda suka san abin da suke so.

Don haka idan irin wannan bidiyo ya faɗo maka, kada ka yi saurin wucewa. Tsayar da shi, ɗauki hoton allo, ka tambayi kanka me ya sa aka sa tayar a nan. Datar da ta koya maka wannan tambaya ba ta tafi a banza ba.