Wai Sai Mun Tara Miliyan?

'Yan'uwa ɗalibai, mun gaji da jin kukan "babu jari". In ka bincika mai kukan nan, shago yake so a bakin titi, da allo mai fitila, da janareto, da yaron shago, alhali kuwa ko mutum ɗaya bai taɓa ce masa "kawo in saya" ba. Kuɗin hayar shekara su tafi, man fetur, wanda tun janye tallafi a 2023 ya zama sai wane da wane, ya lashe saura, kafin wata shida a garƙame ƙofa, a ce ƙasa ce ta lalace. Assha!

Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goron Gwanja ya fara, tun dalar gyaɗa ba ta tsaya a Kano ba. Ba mu ce kowa ya bi ayari ba. Cewa muka yi a fara da abin da ke hannu: wayar aljihu, da kwasar adashi ɗaya, da kusurwar ɗaki. Mai zoɓo ta dafa gora ashirin, ta sayar, ta ware uwar kuɗi da riba a littafi, sa'an nan ta ƙara. Mai ɗinki ya karɓi kafin alƙalami tukuna ya sayo yadi. Bashi kuwa, ko ga abokin ɗaki, a'a.

Mu faɗi gaskiya, girman kai ne ke ɗaure mu: wai mai neman digiri ba ya talla. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu su nemo izinin kafa rumfuna kusa da ɗakunan kwana, haya mako-mako, kafin zangon nan ya ƙare.