INJINIYANMU NA GIDA: GUMI NASA, RIBA TA WANI

'Yan uwa samari, duk wanda ya san Kazaure ya san yadda iyaye ke sayar da hatsi da awaki domin su kai ɗansu kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, wadda aka kafa a 1991, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. Ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka bai wa Babura a 2021. To, yaron nan ya gama karatun injiniya, nawa ake biyansa?

Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, ɗan bautar ƙasa kuma yana karɓar Naira 77,000 tun 2025. Wallahi sau da yawa abin da 'yan kwangila ke miƙa wa sabon injiniya bai taka kara ya karya ba a kan wannan, alhali shi ke shan rana yana awo, in gini ya tsage kuma shi za a kama. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Mai takardar HND kuwa nasa ya fi muni, domin har yau kallon ɗan bora ake masa. Majalisar tarayya ta amince da dokar kawar da bambanci tsakaninsa da mai digiri a 2021, amma har Buhari ya sauka a 2023 bai sa mata hannu ba.

Ku dubi layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa ta Kazaure. An ƙaddamar da shi a 2021, aikin kusan dala biliyan 2, aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tun 2018 kuwa akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5, wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a ayyukan gwamnati. Haƙƙinmu ne mu tambayi mahukunta: injiniyoyin Jigawa nawa ke cikin aikin nan, a wane matsayi, kuma da wane albashi?

Sai dai kuka kaɗai ba ya cika tumbi. Na farko, kowa ya yi rajista da hukumar COREN, domin wanda ba shi da rajista ba shi da bakin yin ciniki. Na biyu, a daina raina aikin ƙauye. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 manoman rani suka shiga neman injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Wa zai auna musu, ya haɗa, ya gyara in ya lalace a Roni da Gwiwa? Ga rijiyoyin burtsatse da suka mutu birjik suna jiran mai gyara.

Na uku, ku haɗa kai. Mai wutar lantarki da mai gini da mai inji su kafa kamfani guda, su tsayar da farashi, kada wani ya zagaya ya karya ɗan uwansa. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Muddin kowa yana yawo shi kaɗai da takarda a hammata, to ɗan kwangila ne zai ci gaba da yanka masa farashi. Allah Ya sa mu farga.